Mailchimp, Brevo, MailerLite ko Zoho: wane nauyi ya kamata ka ba farashi wajen zaɓen manhajar tallar imel?

Duk mai kasuwancin da ya fara neman manhajar da zai riƙa aika wa kwastomominsa talla ta imel, shafin farashi yake fara buɗewa. Kuma yana da gaskiya. Wanda yake ciniki da naira ko sefa, ana yi masa lissafi da dala, dole ya fara sanin abin da zai riƙa fita daga aljihunsa duk wata. Inda ake samun matsala shi ne, lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a wannan shafin sau da yawa takan bambanta da abin da mutum zai tsinci kansa yana biya bayan wata shida. Kamfanonin nan ba da mudu ɗaya suke awo ba, kuma wanda ya tambayi kuɗin hatsi bai kalli girman mudun ba, bai san me ya saya ba tukuna.

Ra'ayina a fili yake. Farashi yana da nauyi ƙwarai, musamman ga ƙaramin kasuwanci, amma abin da ya kamata a kwatanta shi ne yadda kowane kamfani yake ƙirga ka, da kuɗin ƙasar da zai karɓa, da abin da zai faru ranar da kwastomominka suka ninka. Wanda ya gane waɗannan, zaɓi zai zo masa da sauƙi.

Awo iri biyu

Yawancin manhajojin suna bin ɗayan hanyoyi biyu. Wasu suna cajin ka gwargwadon yawan adireshin imel na kwastomomi da ka tara, ko ka aika musu saƙo ko ba ka aika ba. Mailchimp, MailerLite, Kit da Klaviyo duk a wannan layin suke. Wasu kuma sun fi duba yawan saƙon da ka aika a wata. Brevo ne ya fi shahara da wannan, haka ma sabis ɗin Amazon da ake kira SES.

Mu ɗauki misali da kasuwanci biyu. Hajiya mai sayar da atamfa, leshi da turare ta intanet ta tara adireshi 8,000 cikin shekaru, amma sau biyu kawai take aika saƙo a wata, idan sabon kaya ya sauka. Jimilla saƙo 16,000 ke nan. Ga kuma malami mai koyar da darasi ta intanet, ɗalibansa 900 ne, amma kullum sai ya aika musu da wani abu. Nasa ya kai saƙo 27,000 a wata. Idan Hajiya ta shiga manhajar da ke ƙirga adireshi, za ta biya kuɗin mutum dubu takwas duk wata, alhali kwana biyu kacal ta yi amfani da ita. Idan malamin ya shiga manhajar da ke ƙirga saƙo, zai biya fiye da Hajiya, duk da mutanensa ba su kai kashi ɗaya cikin takwas na nata ba. Su musanya wuri, kowa ya samu sauƙi. Manhajar da ta zama araha ga ɗaya, ita ce mai tsada ga ɗayan, kuma babu shafin farashin da zai yi maka wannan lissafin. Kai za ka zauna da biro da takarda ka rubuta lamba biyu: mutum nawa nake da su, sau nawa nake aika musu a wata.

Mailchimp: suna da tsada

Mailchimp shi ne sunan da kowa ya fara ji. An kafa shi a birnin Atlanta na Amurka a 2001, kuma abin da ya ɗaukaka shi shi ne tsarin kyauta da ya fito da shi a 2009. Shekaru da yawa mutum yana iya tara adireshi har 2,000 bai biya ko kwabo ba. A 2021 kamfanin Intuit ya saye shi a kan kusan dala biliyan 12, bayan haka aka rage tsarin kyautar daga 2,000 zuwa 500, aka kuma janye wasu abubuwa daga cikinsa, kamar tsara lokacin da saƙo zai tafi da kansa.

Amma abin da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya ya riga cinikin Intuit. Tun 2019 Mailchimp ya fara ƙirga har waɗanda suka cire sunansu daga jerinka. Bari in nuna yadda wannan yake a aikace, don a nan kuɗi ke zurarewa ba a sani ba. Ka buɗe asusunka ka ga adireshi 3,000. A cikinsu 400 sun danna maɓallin cire suna, ba ka da ikon aika musu talla kuma. Wasu 200 sun sayi kaya a shagonka ne kawai, ba su taɓa amincewa a aiko musu da talla ba. Mutanen da za ka iya yi wa magana 2,400 ne, amma lissafin wata na 3,000 ne. Ƙari a kan haka, idan ka buɗe jeri biyu, na masu sari da na masu sayen ɗai-ɗai, kuma mutum ɗaya ya fito a duka biyun, mutum biyu za a ƙirga shi. Akwai mafita: ka zaɓi waɗanda suka fita ka tura su ma'ajiya, domin waɗanda aka ajiye ba sa shiga lissafi. Sai dai aiki ne da za ka riƙa tunawa da shi da kanka, kuma mai shago da ke fama da oda da masu kawo kaya ba kasafai yake tunawa ba. Idan ka haura adadin da tsarinka ya yarda, ƙarin caji zai biyo baya a takardar wata.

Ba na so a ɗauka Mailchimp ba shi da abin yabo. Kusan duk wata manhajar shago, fom ko shafin intanet da za ka yi amfani da ita tana da hanyar haɗuwa da shi. Bidiyon koyar da shi sun cika YouTube. Idan ka ɗauki matashi aikin talla, da alama shi ya fara koya. Ƙungiyoyin agaji kuma yana yi musu ragin kashi 15 cikin ɗari. Waɗannan duk suna da daraja. Amma a ganina, ƙaramin ɗan kasuwa da ke aika sanarwar sabon kaya sau biyu a wata yana biyan kuɗin abubuwan da ba zai taɓa buɗewa ba.

Brevo, MailerLite da Kit

Brevo kamfanin Faransa ne da ke birnin Paris. Da sunan Sendinblue aka san shi kafin ya sauya suna a 2023. Tsarinsa na kyauta yana ba ka damar aika saƙo 300 a rana, wato kusan 9,000 a wata. A takarda wannan ya zarce na kusan kowa. Amma ka lura da kalmar “a rana”. Idan kana da mutum 1,500 kuma kana son sanar da ragin kayan Sallah da zai yi kwana uku, saƙon zai ɗauki kwana biyar kafin ya isa ga kowa. Na ƙarshe zai karanta shi bayan an tashi kasuwa. Don haka kyautar Brevo ta dace da wanda saƙonsa ba na gaggawa ba ne, ko wanda jerinsa bai wuce ɗari uku ba. Da zarar ka fara biya, ƙaidin rana ya tashi, kuma a nan ne mai manyan jeri da ke aikawa jefi-jefi, irin Hajiya, yake cin riba. Akwai ma damar sayen adadin saƙo ka ajiye, ka riƙa ɗiba lokacin da kake so, ba tare da biyan wata-wata ba. Ga mai kasuwancin da ke tashi da lokaci, kamar azumi, Sallah ko komawar yara makaranta, wannan babban sauƙi ne. Brevo yana kuma aika saƙon tes na waya da na WhatsApp daga wuri ɗaya, da caji na daban. Abu ɗaya da ke ba mutane haushi: a ƙaramin tsarin biya, cire tambarin kamfanin daga ƙasan saƙonka yana da nasa kuɗin.

MailerLite daga birnin Vilnius na ƙasar Lituweniya ya fito, kuma kamfanin Vercom na Folan ya saye shi a 2022. Shi ma adireshi yake ƙirgawa, amma waɗanda suka cire sunansu ba sa cikin lissafi, kuma a tsarin biya ba a ƙayyade yawan saƙon da za ka aika ba. Wannan ya sa ya dace da malamin misalinmu. Abin da na fi so game da shi shi ne sauƙi: wanda bai taɓa haɗa saƙon talla ba zai iya zama da yamma ɗaya ya gama na farko. Yana da tsauri wajen amincewa da sabon asusu, yakan tambayi shafinka da yadda ka tara mutanenka, kuma wanda ba shi da gamsasshiyar amsa yana iya shan ƙi.

Kit, wanda aka sani da ConvertKit har zuwa 2024, an gina shi ne don marubuta, masu koyarwa da masu sayar da iliminsu. Tsarinsa na kyauta ya kai har mutum 10,000, abin da ba ka samu a sauran. Amma saƙonninsa sun fi karkata ga rubutu zalla, kuma idan ka tashi biya, ba ya cikin masu araha. Mai shagon da ke son jera hotunan kaya goma da farashinsu zai ji shi a takure. Klaviyo kuwa na masu babban shago ne a Shopify, wato manhajar buɗe shago a intanet, da makamantansa, inda kowane saƙo yake bin abin da kwastoma ya duba ko ya saya. Yana da tsada, kuma wanda cinikinsa bai kai ba, bai kamata ma ya tsaya a kansa ba.

Da wane kuɗi za ka biya?

A nan ne lissafin mutumin Kano ya rabu da na mutumin Landan. Kafin watan Yuni na 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, ko da yake masu saye a kasuwar bayan fage sun daɗe suna biyan fiye da haka. Zuwa farkon 2024 ta haura naira 1,500. Tsarin dala 20 a wata, wanda a farashin gwamnati bai kai naira dubu goma ba, ya koma naira dubu talatin, alhali kamfanin bai ƙara ko sisi ba. Duk wanda zai shiga biyan dala wata-wata, ya sani cewa ya ɗaure wani ɓangare na kuɗin shagonsa da abin da ba shi da iko a kai.

Sannan ga wahalar biyan kanta. A 2022 bankunan Najeriya da dama sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka dakatar gaba ɗaya. A 2025 wasu sun dawo da shi da iyaka. A tsakanin nan mutane sun koma ga asusun dala ko katin dala na manhajojin waya, kowanne da nasa cajin da nasa farashin canji. Wasu kamfanonin waje kuma suna ɗora harajin VAT na kashi 7.5. Idan kati ya ƙi wucewa ranar biya, asusu yana iya tsayawa a daidai makon da ka fi buƙatarsa.

Wannan ne ya sa nake ganin bai kamata ɗan Najeriya ya tsallake Zoho Campaigns ba. Zoho kamfanin Indiya ne daga birnin Chennai, yana da ofis a Najeriya, kuma yana sayar da manhajojinsa da farashin naira. Tsarinsa na kyauta ya kai adireshi 2,000 da saƙo 6,000 a wata. Fuskar manhajar ba ta kai ta MailerLite daɗin amfani ba, kuma sabon shiga zai ɗan yi lalube kafin ya gane inda komai yake. Amma sanin cewa abin da ka biya a Janairu ba zai bi dala ya tashi a Maris ba, kwanciyar hankali ne da ya cancanci a saka shi cikin lissafi. Idan kuma kana amfani da sauran kayan Zoho, kamar na lissafin kuɗi ko na ajiye bayanan kwastoma, haɗin ya zo da sauƙi.

Ɗan'uwanmu na Maraɗi, Damagaram, Garwa ko Injamena nasa lamarin daban ne. Sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, ba ta motsi. Don haka abin da aka yi masa farashi da yuro yau, haka zai same shi baɗi muddin kamfanin bai ƙara ba. Brevo na Faransa ne, ana amfani da shi da Faransanci tun daga fuskar manhajar har masu amsa tambaya, kuma wannan ya ba shi fifiko na gaske a can.

Mafi araha duka

Idan farashi kaɗai ake bi, babu mai kamo Amazon SES. Santi goma ne na dala a kan kowane saƙo dubu. Saƙon Hajiya 16,000 bai kai dala biyu ba. Amma SES injin aikawa ne kawai, babu wurin tsara saƙo mai kyau ko ajiye jerin mutane yadda ɗan kasuwa yake so. Sai ka haɗa shi da wata manhaja kamar Sendy, wadda ake saye sau ɗaya, ko Listmonk, wadda kyauta ce, ka ɗora a kan sabar da ka yi haya, wato kwamfutar da za ta riƙe manhajar a intanet. Daga nan kula da sabar, sabuntawa, ajiye kwafi da gyara idan ta tsaya duk sun hau kanka. Kamfanin da ke da ma'aikacin kwamfuta kuma yake aika dubun dubatar saƙo zai tsira da kuɗi mai yawa ta wannan hanyar. Wanda ba shi da shi zai biya wani ya kafa masa, ya sake biyan sa duk lokacin da abu ya lalace, kuma arahar ta tafi.

Inda farashi ba shi da ta cewa

Saƙon da ya faɗa akwatin tarkace, ko nawa aka biya a kansa, asara ne. Tun watan Fabrairu na 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara wa masu aika saƙo da yawa. Wanda ke aika wa masu Gmail saƙo 5,000 ko fiye a rana dole ya tabbatar da cewa saƙon daga gare shi yake ta hanyar saitin da ake kira SPF, DKIM da DMARC, ya sa hanyar cire suna da dannawa ɗaya, kuma masu kai ƙararsa a matsayin mai saƙon banza kada su kai kashi 0.3 cikin ɗari. Wato mutum uku cikin dubu. Ko ƙaramin mai aikawa an buƙaci ya tabbatar da kansa. Ma'anar wannan a aikace ita ce, aika talla da adireshin da ya ƙare da gmail.com ta cikin waɗannan manhajoji ya daina yiwuwa yadda ya kamata. Sai ka mallaki sunan shafinka na intanet, ka biya kuɗinsa na shekara, ka shiga wurin da ka saye shi ka liƙa layukan da manhajar ta ba ka. Aikin bai wuce rabin awa ba ga wanda ya sani, amma kafin ka zaɓi manhaja, ka duba ko tana nuna wannan mataki-mataki, kuma ko akwai wanda zai amsa maka idan ka maƙale. A tsarin kyauta na Mailchimp, taimako ta imel na kwana talatin ɗin farko ne kawai.

Ina roƙon duk mai karanta wannan da kada ya sayi jerin adireshi daga hannun kowa, komai arahar da aka yi masa. Duk kamfanonin da na ambata sun haramta shi, kuma suna rufe asusu a kansa. Mutanen da ba su san ka ba su ne za su kai ƙararka, kuma sunan shafinka zai ɓaci a wurin Gmail ta yadda har kwastomominka na gaskiya ba za su ƙara ganin saƙonka ba. Ga kuma doka: Najeriya ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2023, da hukumar da ke sa ido a kai, kuma mai kwastomomi a Turai yana ƙarƙashin dokarsu ta GDPR da ta fara aiki a 2018.

Wani abin da ake ruɗar mutane da shi shi ne adadin waɗanda suka buɗe saƙo. Tun 2021, lokacin da Apple ya fito da tsarin kare sirrin masu amfani da manhajarsa ta imel, saƙo yakan nuna an buɗe shi ko da mai wayar bai kalle shi ba. Kada wannan lambar ta sa ka ɗauka kuɗinka yana aiki. Ka duba nawa suka danna, nawa suka yi oda. Idan tsarin naira dubu talatin yana kawo cinikin da ribarsa ta kai dubu ɗari biyu, batun ragin dala uku ba shi ne damuwarka ba. Idan kuma bai kawo komai ba bayan wata uku, ka tambayi kanka ko mutanenka ma suna karanta imel. Kwastomomi da yawa a wurinmu WhatsApp suke dubawa, imel kuwa sai ranar da banki ya aiko da lamba. Jerin aikawa na WhatsApp yana tsayawa a mutum 256, kuma wanda ya ajiye lambarka ne kawai zai samu, amma ga mai sayar wa unguwa da dangi, wannan ya wadatar. Imel ya fi amfanar makarantu, ƙungiyoyi, masu sayar wa kamfanoni, da masu kwastomomi a ƙasashen waje.

To wa zai ɗauki wanne? Mai babban jeri da ke aikawa jefi-jefi ya fara da Brevo. Mai ƙaramin jeri da ke aikawa kullum ya duba MailerLite, idan kuma rubutu ne sana'arsa ya gwada Kit. Wanda canjin dala ya fi damu ya gwada Zoho Campaigns kafin kowa. Mailchimp na wanda yake buƙatar haɗa shi da wata manhaja da ba ta haɗuwa da sauran ne, ko wanda ma'aikatansa suka riga suka ƙware a kansa. Kuma duk wanda ka zaɓa, kada ka duba farashin adadin da kake da shi yau kaɗai. Ja maɓallin farashin zuwa ninki uku, ka ga abin da zai zama, domin tsarin kyauta na kowa yana iya raguwa kamar yadda na Mailchimp ya ragu, kuma waɗannan adadin suna sauyawa daga shekara zuwa shekara.

Ƙaura daga wata manhaja zuwa wata tana yiwuwa, amma ba kyauta ba ce. Adireshin kansu suna fita cikin fayil ɗaya, ka ɗauka ka kai sabon wuri. Abin da ba ya bin ka shi ne zanen saƙonninka, fom ɗin da ka liƙa a shafinka, da jerin saƙonnin da ka tsara su riƙa tafiya da kansu idan wani ya yi rajista ko ya sayi kaya. Duk sai ka sake gina su da hannu. Lokacin ƙaurar kuma ka tabbata ka fitar da jerin waɗanda suka cire sunansu ka shigar da shi sabuwar manhajar a matsayin waɗanda ba a aika wa, don kada saƙonka na farko daga sabon wuri ya je wa mutanen da suka riga suka ce ba sa so.